Eriya a tsaye ko a kwance: wacce ta dace da Legas?

Da zarar mai sha'awar magana ta rediyo (amateur radio) ya samu lambar kiransa mai farawa da 5N, wato alamar Najeriya, sai maganar eriya ta taso. Za ka ji ana cewa dole taka ta dace da ta wanda kake kira, tsaye da tsaye, kwance da kwance. A kan zangon mita 2, na kiran kusa, kamar tsakanin Agege da Ikeja, haka ne. Amma a gajeren zango, igiyar rediyo sai ta bugi sama ta dawo, kuma can saman take murɗewa. Kafin ta sauka, a ce a Jamus, babu wanda ya san yadda ta kwanta. Don haka ka duba wurin zamanka, ba eriyar Bajamushe ba.

Ta tsaye ba ta cin fili. A zangon mita 20, sanda mai tsawon mita 5 ta isa, sai wayoyin da ake shimfiɗawa a gindinta, waɗanda mutane ke yi wa rowa daga baya su yi ta ƙorafi. Tana harba igiya ƙasa-ƙasa, abin da tafiya mai nisa ke so ke nan. In gidanka na bakin teku ne, Lekki ko Badagry, ka tsinci dami a kala, domin ruwan gishiri na ƙara mata ƙarfi sosai. Sai dai iskar gishirin nan na cin ƙarfe.

Aibinta kwasar hayaniya. A Idi-Araba ko Obalende, inda kowane gida da janaretansa, ga inbata, ga ƙwayayen fitila masu araha, za a riƙa jin ka a Turai kai kuwa ba ka jin komai sai shuuu.

Nan ta kwance ke da daɗi. Waya ce kawai, tsawon mita 10, yawanci ta fi shiru, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sharaɗinta tsayi: kusan mita 10 daga ƙasa. Ka miƙe ta gabas da yamma don gefenta ya fuskanci arewa, wajen Turai. In ta yi ƙasa, sama take harbawa. Wannan ma ba asara ba ce ga mai son gaisawa da Kano ko Sakkwato a zangon mita 40.

Ni dai da a cikin unguwa nake haya, waya zan fara saya a Alaba in roƙi mai gida ya bar ni in ɗaura a saman bene. Sandar sai ranar da na koma bakin ruwa.