Littafin Ibada na Kullum ko Karatu Daga Farawa Har Ƙarshe?

'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kin tambaya wanne ya fi dacewa da addu'ar safe: bin ɗan littafin ibada na kullum, mai nassi ɗaya da gajeren bayani da addu'a, ko kuwa ki ɗauki Littafi Mai Tsarki daga Farawa ki bi shi sura-sura har ƙarshe. Kin kuma ce ke kike tara yara kafin su tafi makaranta, lokacin da kuke da shi bai wuce minti 15 ba.

Karatu daga farko har ƙarshe yana da lissafinsa. Littafi Mai Tsarki da ke hannun yawancinmu littattafai 66 ne, surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Wanda ya karanta sura 3 kullum, ran Lahadi 5, zai kammala cikin shekara. To amma sura uku da babbar murya a gaban yara sun cinye lokacin nan naku kaf, ba a yi waƙa ba, ba a durƙusa ba. Farawa tana tafiya sumul, ga Ibrahim, ga Yusufu da 'yan'uwansa, ga Musa da Fir'auna a Fitowa. Kina kai Fitowa 25 sai awon alfarwa da labule da katako. Wanda ya fara ran 1 ga Janairu zai faɗa Littafin Firistoci wajen ƙarshen watan, dokokin hadayu da na kuturta, kuma a nan ne mutane da yawa suke ajiyewa. Abin da ya fi damuna shi ne, da wannan tsari ba za ku iso Matiyu ba sai Oktoba. Wata tara ke nan yara ba su ji Yesu yana magana a ɗakinku da safe ba.

Duk da haka, ribar wannan hanya ba ta da kama. Wanda ya wahala da Firistoci 16, ranar kafara da babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara, shi ne zai karanta Ibraniyawa 9 idonsa ya buɗe.

Littafin ibada kuwa tuwo ne da aka riga aka malmala, sai dai ki sa hannu. Ayoyi kaɗan, bayani, abin yin addu'a a kai, an gama. Yana riƙe mutum ran da ya gaji, kuma yana sa gida da ikilisiya su bi nassi ɗaya a rana ɗaya. Illarsa ita ce wani ne yake zaɓar miki, kuma ayar tana zuwa a yanke daga 'yan'uwanta. Ɗauki Irmiya 29:11, wadda kowa ya haddace, inda Allah ya ce ya san shirin alheri da yake da shi dominsu. Koma aya ta 1 da ta 10 kawai, za ki tarar wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila, ana kuma faɗa musu sai shekara 70 ta cika. A aya ta 5 zuwa 7 an ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi wa birnin da ya kama su addu'a. Yarinyar da ta ji aya ta 11 ita kaɗai za ta zaci gobe wahala za ta ƙare. Wadda ta ji surar duka ta koyi yadda ake jiran Allah ana aiki. Haka Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi: yana kurkuku ya rubuta ta, kuma a aya ta 12 maganar ƙoshi da yunwa yake yi.

'Yan'uwanmu Katolika suna da wata hanya a tsakiya. Tsarin karatun Mas, wato babbar sujadarsu, da aka fitar a 1969 yana zagaya shekara uku a ranakun Lahadi, Matiyu, Markus, Luka, kowace rana kuma da zaburarta da Bishararta. Gajere ne, amma sau da yawa yana bin littafi a jere.

Da ni ce ke, da yara zan riƙe littafin ibada, amma da sharaɗi: da dare ki karanta surar da aka ciro nassin gobe daga cikinta, duka, don ki san wa ake wa magana da dalili. Da safe kuma a buɗe Littafi Mai Tsarki kansa, yaro ɗaya ya karanta, kada a tsaya ga bayanin marubuci. Addu'ar ma ta fito daga nassin: abin godiya, abin tuba, abin roƙo.

Naki karatun na kanki kuwa, ki bi littafi guda har ƙarshensa, amma kada ki fara da Farawa. Markus surori 16 ne, sura ɗaya a rana kin gama cikin kwana 16. Daga nan Ayyukan Manzanni, sannan ki koma Farawa da Fitowa, kina haɗawa da zabura ɗaya kullum. In kin iso Firistoci ki buɗe Ibraniyawa a gefe, ki bi su tare.