Shagon ramen na halal a Asakusa: romon ya yi, amma ba wajen zama ba ne

Duk Musulmin da ya sauka Tokyo sai ya tambaya ina zai ci ramen ɗin nan da ake ta zuzutawa, wato taliyar Japan da ake zubawa cikin romo a kwano, kuma gaskiya amsar ba ta da daɗi, don yawancin shagunan ramen na garin nan ba namu ba ne. Alade ne ya cika harkar. Akwai wanda romonsa gaba ɗaya ƙashin alade ne aka tafasa har ya yi fari, shi suke kira tonkotsu, daga yankin Fukuoka ya fito. Ko wanda aka ce maka romon kaza ne sai ka tarar an ɗora yankan naman alade a sama, ko an zuba kitsensa, sannan haɗin ɗanɗanon da suke fara zubawa a gindin kwano sau da yawa akwai giyar shinkafa a ciki. To shi ya sa 'yan shagunan da suke da takardar halal kullum a cike suke, kuma wanda zan yi magana a kai ɗaya ne daga cikinsu, a unguwar Asakusa, 'yar tafiya kaɗan daga haikalin Sensoji inda 'yan yawon buɗe ido suke cincirindo. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar tawa.

Asakusa ɗin ma da tarihi a harkar, a nan aka buɗe Rairaiken a 1910, shagon da ake yawan ambata a matsayin mafarin ramen a Tokyo, kuma masu dafa abinci 'yan ƙasar Sin ne suka riƙe kicin ɗinsa. Na faɗi wannan ne don masu cewa ai Indomie ce aka yi wa kwalliya. A'a wallahi, ta leda ce ta zo daga baya, sai 1958 Momofuku Ando ya fito da busasshiyar taliyar da ake zuba wa ruwan zafi, kusan shekara hamsin kenan bayan mutane suna zama a shago suna shan ta kwano.

Layi shi ne jarabawar farko. Da azahar za ka tarar da shi ya bi jikin bango ya wuce ƙofar shagon maƙwabta, an shimfiɗa wani jan layi a ƙasa wai kada a tare hanya, kuma ba rumfa ba benci, in rana ce rana in sanyi ne sanyi. Mu mun haura rabin awa a tsaye. Akwai wata yarinya 'yar Indonesiya da hijabinta ita ce mai kula da layin, tana fitowa tana tambayar ku nawa ne, tana miƙa takardar jerin abinci mai hotuna, kuma in ba don ita ba da wajen ya rikice, don ita kaɗai ce take jin Turanci sosai. Abin da ban so ba shi ne ba wanda zai gaya maka cewa sai ka fara shiga ka sayi tikiti a inji sannan ka dawo ka kama layi. An rubuta, eh, a wata 'yar takarda da aka manna can ƙasan gilashi inda ƙafafun mutane suka tare. A gabanmu wasu mata biyu 'yan Malesiya suka iso bakin ƙofa ba tikiti, aka ce su shiga su saya, kafin su gama lalube a injin an ba wasu kujerunsu. Haba, wannan ai ba yi ba ne, magana ɗaya ce da za a faɗa tun mutum yana isowa.

Injin tikitin kuma wani darasi ne. Ba a ba ma'aikaci kuɗi a hannu, ka zura kuɗinka ka danna maɓallin abin da kake so, 'yar takarda ta faɗo, canjinka ya biyo. Tsari ne mai kyau, mai dafa abinci ba ya taɓa kuɗi, ba rigimar canji ba cuwa-cuwa. Sai dai injin nasu tsoho ne, ba ya karɓar kati, kuma sabbin takardun yen da aka fito da su a watan Yulin 2024 tofo su yake yi, sai yarinyar ta zo ta canza maka da tsofaffi daga wata 'yar jaka da ta rataya. Kana tsaye kana fama mutum goma na bayanka suna kallon ƙeyarka.

Tare muka je da wani Alhaji, dattijo ne ɗan kasuwa da ya zo sayen kayan gyaran mota, shi ya matsa sai an kai shi. Muna shiga duk ma'aikatan suka haɗa baki suka kwaɗa "irasshaimase", wato barka da zuwa, har Alhaji ya ɗan ja da baya ya ɗauka laifi muka yi. Ciki ɗan tsukuku ne, doguwar kanta ce ta zagaye kicin da kujeru kamar goma sha wani abu, sai ƙananan tebura biyu a lungu. Ba wajen rataye riga sai ƙugiya a bayanka, jaka kuma ka tura ta cikin kwandon da ke ƙarƙashin kujera. Kafaɗarka na gogar ta maƙwabcinka. Ruwan sha ga jug nan da kofuna ka zuba da kanka, ba mai zuwa ya tambaye ka me za a kawo, tikitinka kawai za ka ɗora a saman kanta. Takardar shaidar halal ɗin na manne a bango inda kowa zai gani, kuma ba sa sayar da giya ko kaɗan, wanda ba ƙaramin abu ba ne a Japan.

In ka samu kujerar da ke fuskantar tukwane to ka more kallo. Ogan kicin ɗin dattijo ne ɗan Japan ya ɗaure kai da tawul, ba ya magana da kowa. Yana jefa kowane ƙullin taliya cikin nasa ɗan kwandon ƙarfen da ke rataye a tafasasshen ruwa, ya danna agogo, kafin agogon ya yi ƙara ya riga ya ɗumama kwanukan da ruwan zafi ya zubar, ya zuba ludayi ɗaya na baƙin haɗin waken soya, cokali ɗaya na man kaza, sannan romo. Agogo na ƙara ya fizgo kwandon ya kaɗa shi da ƙarfi sau uku huɗu ruwan na fallatsa a ƙasa, ya juye, ya sa dogayen tsinkaye ya ɗaga taliyar ya kwantar da ita a jere kamar an taje. Yaronsa ya ɗora nama da ƙwai da albasa. Daga zamanmu zuwa isowar kwano bai fi minti biyar ba.

Na ci nasu na romon kaza mai kauri, tori paitan suke ce masa, kuma nan ne duk haushin layin ya tafi. Romon fari ne tas ba madara a ciki, ƙashin kaza ne aka bari yana tafasa awa da awanni har kitse da bargo suka narke suka haɗe da ruwan, in ka kurɓa sai ka ji leɓenka yana ɗan mannewa. Taliyar siririya ce mai ɗan rawaya, tana da danƙo a haƙori ba ta lugwigwice ba, kuma sirrin wani ruwa ne da suke kwaɓa fulawar da shi, kansui, kusan aikin da kanwa take yi mana a girki ke nan, shi yake ba ta launin da wannan tsayin. Naman ƙirjin kaza ne an yanka fale-fale, laushi kamar me, amma yanka biyu ne kacal, biyu fa. Ƙwan shi ne gwani, an dafa shi rabi an jiƙa a ruwan waken soya, bayansa ya yi ruwan ƙasa kwaiduwar kuma tana malala kaɗan-kaɗan. Sai 'yan yankan tohon gora da ganyen teku busasshe guda ɗaya, shi wannan in ba ka ci da wuri ba jiƙewa yake ya zama kamar tsumma.

Gishiri dai ya yi yawa, ba zan ɓoye ba. Rabin farko daɗi ne zalla, daga nan sai ka fara neman ruwa, mai hawan jini ya ci taliyar ya bar romon. Yaji kuma babu, abin da suka ajiye a kanta wai shi ne mai zafi, na zuba cokali biyu ban ji komai ba sai ƙamshi. Alhaji ya ɗauki na haɗin waken soya mai tsararren romo, ya ce shi kam ruwa-ruwa ne bai kama masa ciki ba, sai da muka ƙara masa shinkafa. Soyayyar kazar da muka yi oda a gefe ta yi daɗi, ɓawonta ƙarau-ƙarau cikinta da ruwa, matsalar sai da muka kusa gama ramen ɗin ta iso, ga shi kuma an fara kallonmu.

Wannan kallon shi ne asalin maganar. Shagon ramen an gina shi ne don mutum ɗaya, ma'aikacin ofis ya shigo ya sunkuya ya zuƙe taliyarsa da ƙara, zuuut, ba wanda zai ce masa ba shi da tarbiyya don haka ake ci, minti goma sha biyar ya tashi wani ya zauna. Da haka suke fitar da kuɗin haya, kujera ba ta hucewa. Amma tunda wannan na halal ne, masu zuwansa iyalai ne, uba da uwa da yara uku da keken jariri, sun sha yawo sun gaji suna so su zauna su huta su ɗauki hoto su kira gida. Shagon bai shirya wa wannan ba. Iyali na mutum biyar ko dai su yarda a raba su ko su jira teburan nan biyu, kuma na ga masu zuwa su kaɗai suna ta wuce su a layi. Mu kanmu Alhaji na ajiye cokali ya jingina zai fara ba ni labarin kwantenarsa da ta maƙale, sai ga yaro ya zo ya ɗauke kwanon ya goge gabansa ya rusuna. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wai korarmu suke yi ne?" Na ce, "A'a Alhaji, haka tsarin yake, ka ga mutane a waje." Ya ce to ai ko a tasha ana barin mutum abinci ya sauka masa.

Ni dai ban kira shi rashin mutunci ba. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ɓata rai, da Alhaji ya kasa da tsinkayen cin abincin tun bai tambaya ba aka miƙo masa cokali mai yatsu, aka kuma ba shi wani ƙyallen takarda na ratayawa a wuya don kada romo ya ɓata masa farar shadda. Wani yaro ya kifar da kofin ruwa, kafin uwarsa ta gama ba da haƙuri an goge. Ladabi kam akwai shi, kuma ba sa karɓar ko sisi na ihsani, in ka bar canji a kanta biyo ka za su yi da shi har titi. Lokaci ne kawai ba za su ba ka ba. Laifinsu a wajena shi ne sun san irin baƙin da suke samu, sun ga keken jarirai kullum, amma ba su sa ko benci ɗaya a waje ba, ba su kuma ƙara wa yarinyar nan mataimaki ba, ita ce layi ita ce canji ita ce tafinta ita ce goge tebur.

Kuɗin ma ba arha ba ne. Da daɗewa 'yan Japan suna ganin kwanon ramen bai kamata ya wuce yen 1,000 ba, nan kuwa ya wuce, in ka ƙara ƙwai da kaza da shinkafa kana dosar 2,000. Na fahimta, kajin halal sun fi tsada kuma unguwar ta 'yan yawon buɗe ido ce, amma da sun ƙara yanka ɗaya na nama da ba su yi asara ba.

Zan koma, amma ni kaɗai, kuma ba da azahar ba. Wanda zai je ya riƙe tsabar kuɗi ƙananan takardu, ya sayi tikiti kafin ya kama layi, in da yara ko dattijo ya bari sai wajen ƙarfe uku lokacin da layin ya lafa. Kar dai a kai dare sosai, don ranar da romon ya ƙare da wuri allo kawai suke ratayawa a ƙofa su kashe fitila.