Doguwar eriya a kan oba-oba: abin da na gani da Nagoya NA-771

Duk wanda ya taso yana sauraron gajeren zango ya saba jin ana cewa za a kama tasha kaza a kan mita 19 ko mita 25. Wannan mitar tsawon igiyar rediyon ce, kuma ita ce ma'aunin da ake auna eriya da shi. Da wannan tunanin na sayi eriyar Nagoya NA-771 na ɗaura wa oba-obata a madadin 'yar guntuwar da ta zo da ita cikin kwali.

Lissafin ba wuya. Ka raba 300 da megahaz ɗin da kake aiki a kai, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar, sai ka sami tsawonta a mita. Mu masu rediyon sha'awa a Afirka zangonmu na mita 2 yana tsakanin megahaz 144 da 146, igiyarsa ta ɗan haura mita biyu. Eriyar tsaye tana son rubu'in wannan tsawon, wato kusan santimita 50. Guntuwar eriyar kwali ba ta kai tsawon taƙi guda ba. NA-771 kuwa ta kusa santimita 40.

To yaya guntuwar take aiki? A cikin robar nan akwai waya da aka nannaɗe, don injin rediyon ya ga kamar tsawon ya cika. Injin ya gamsu, amma iska ba ta gamsu ba. Idan eriya ta gaza tsawon da ya dace da nisa, ƙarfinta na watsa wuta cikin iska yana faɗuwa da sauri: in ka rage rabin tsawon, abin da masana ke kira turjiyar watsawa sai ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wutar da ba ta fita ba zafi take zama a cikin naɗin. Saboda haka wat 5 ɗin da aka rubuta a jikin rediyo ba shi ne yake isa sararin sama ba. Batir kake ƙonawa, wani ɓangare nasa kuma robar eriya kawai yake ɗumamawa. Wannan ne ya fi ba ni takaici game da guntuwar eriya, don a wurin da ake fama da caji, asarar wuta ba ƙaramin abu ba ce.

A mita 2 bambancin a fili yake. Abokin da muke gwaji da shi daga ɗaya gefen gari, wanda da nake jin muryarsa cikin shuuu, yanzu ina jin sa tsaf, shi ma haka ya ce yana ji na. Ba mamaki, eriyar da ta iya aikawa ita ce ta iya karɓa. Abin da ya fi faranta min rai shi ne kama Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a kan megahaz 145.800 lokacin da take wucewa, tana nisan kilomita kusan 400 a bisa. Sai dai ka riƙa karkata eriyar kana nemo ta, don sandar eriya ba ta ji sosai ta saitin tsininta.

A zangon santimita 70, wato megahaz 430 zuwa 440, ban ga canjin da ya taka kara ya karya ba. Dalilin yana cikin lissafin nan: rubu'in igiyar kusan santimita 17 ne, guntuwar ma ta kusa cika shi. Wanda aikinsa duk a nan yake, ban ga abin da zai sa ya kashe kuɗinsa ba.

Akwai abin da mutane kan manta. Sandar da kake gani rabin eriya ce, ɗaya rabin jikin rediyon ne da hannunka. Shi ya sa sigina ke canjawa in ka ajiye ta a tebur. Na yanko siririyar waya mai kusan santimita 50, na maƙala ta a ƙarfen gindin eriyar ta yi reto ƙasa, sai karɓa ta ƙara kyau, kuma ko sisi ban kashe ba.

Tsawon yana da nasa wahalar. Ba ta shiga aljihu, tana dukan rufin mota, in ka rataya ta a ƙugu tana tsokanar haƙarƙari. Nauyin lilonta duk a kan ɗan mahaɗin SMA yake sauka, don haka kada ka ɗauki rediyon ta eriya. Ka kuma duba irin mahaɗin naka kafin ka biya, akwai mai allura akwai mai rami. A tsakiyar gari, kusa da manyan tashoshin FM, ƙaramin rediyo mai araha yana iya toshewa saboda doguwar eriya ta kwaso masa sigina fiye da ƙarfinsa; ranar da haka ta faru, guntuwar ta fi amfani. Jabunta ma sun cika kasuwa, wasu roba ce doguwa da 'yar waya a ciki, gara ka nemi mai na'urar auna SWR, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da rediyo, ya gwada maka.

Kada kuma wani ya zaci tsawon eriya zai kai shi ko'ina. Igiyar mita 2 kusan iya ganin ido take tafiya. Hawa bene ɗaya da guntuwar eriya ya sha ba ni abin da doguwar ba ta ba ni a tsakar gida ba. In an haɗa biyun, tsawo da tudu, a nan ne na ji daɗin kuɗina.

Ga mai aiki a mita 2 ina ba da shawarar sayenta ba tare da wani ɗar ba. Sauraro kowa na iya yi, amma danna maɓallin magana sai da lasisi da lambar kira, wadda a Najeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma da 5U.