Sakatariyar ƙaramar hukumarmu: takarda dai na samu, bolar bayan kasuwa kuma tana nan

Tauraro 2 da rabi zan basu cikin 5, kuma rabin nan ma albarkacin wani tsohon masinja ne da wata Hajiya ta ofishin rajista, in ba don su ba wlh 2 ɗin ma sai nayi tunani. Ni ɗan tireda ne, shagona yana bakin kasuwa ta wajen tashar mota, kuma cikin wata ɗaya buƙata uku ta haɗa ni da sakatariya: takardar indijin ta ƙanena, takardar haihuwar yarinyata, sai kuma maganar bolar da ta toshe mana lambatu. Bazan faɗi sunan garin ba, duk wanda ya taɓa shiga sakatariya a ƙaramin gari zai ga kamar tasu nake faɗa.

Na fara da ta indijin don ita tafi cin lokaci. Ƙanena ne ya cike fom ɗin shiga soja, cikin abinda ake nema harda takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumar ne, yazo yace Yaya ka rakani kai ka san mutane. Ni kuma da ƙafafa na muka tafi kai tsaye sakatariya ranar Litinin ƙarfe 8 na safe, ashe mu muka riga kowa, sai mai gadi da awaki biyu a ƙarƙashin dalbejiya da wata tsohuwar mota da tayoyinta suka nutse cikin ƙasa. Wajen 9 da rabi mutane suka fara shigowa ɗaya ɗaya. Wani dattijo, tsohon masinjan da na ambata, da ƴar hularsa da ta sha wanki ya gan mu a kan benci yace samari lafiya, muka gaishe shi muka faɗa masa, sai yayi murmushi yace ina takardar dagaci? Muka kalli juna. Yace ɗana ai ba daga nan ake farawa ba, daga ƙasa ake hawa, ku koma wajen mai unguwarku shi ya san gidanku, ya tura ku ga dagaci, dagaci ya rubuta, hakimi ya sa hannu ya buga hatimi, sannan ku zo nan da hoto fasfo da katin NIN. Wannan bayanin na minti biyu babu inda aka rubuta shi, ba allo ba takarda a bango, in Allah bai haɗa ka da irin Baba ba haka zaka yi ta zarya.

Ɓangaren masu sarauta gaskiya ba laifi, har ya fi sakatariyar sauri. Mai unguwa ko tambaya bai yi ba don shi ya halarci sunan yaron. Dagaci muka same shi a zaure bayan la'asar, muka cire takalma muka zube muka ce ranka ya daɗe, ya dubi ƙanena yace kai jikan wane ne, da aka faɗi sunan kakanmu sai ya fara bamu labarin gonarsa ta bakin rafi da wata saniyar da ta taɓa ɓata, mun fi minti 20 a nan kafin ya ce wa magatakarda ya rubuta. Ban ji haushi ba, ai wannan ɗin shine tantancewar, shi kansa shine kwamfutar. Washegari aka sa hannu a gidan hakimi. Goro mun bayar, ba wanda ya yanka mana, al'ada ce.

Laraba muka koma sakatariya, nan wasan ya fara. An bamu fom, an ce a je a biya a kawo rasit, mun biya. Sai aka ce babu wuta, janareto kuma babu mai, to a tsallaka titi wajen masu kwamfuta a buga takardar a dawo da ita, wato ofis ɗin gwamnati guda amma shagon wani yaro mai sola ne yake riƙe da shi, kuma in ka ga yadda ma'aikatan ke kiransa da suna kasan abin ya daɗe a haka. Mun buga mun dawo, wanda zai sa hannu ya fita taro. Alhamis ya tafi babban birnin jiha. Juma'a kuwa kar ma ka ɓata man mashin ɗinka, daga 12 kowa ya kama hanyar masallaci kuma daga can sai Litinin.

A nan ne Hajiyar nan ta burge ni. Tana duba takardar kafin ta kai ciki sai ta ɗago gilashi tace Malam zo, sunan nan bai yi daidai da na NIN ba, a can Muhammad ne a nan an buga Mohammed, kuma sunan mahaifi ya riga nasa, in ya kai haka wajen tantancewa za su dawo da shi kuma lokacin an rufe. Da kanta ta ɗauki biro ta rubuta yadda ya kamata a bayan wata tsohuwar takarda tace ku koma a sake bugawa. Ko sisi bata nema ba, na miƙa mata na ruwa tace in saya wa yaron sabulu in ya tafi horo. Litinin ta ajiye mana takardar a cikin diro da sa hannu da hatimi. Kwana 8 kenan daga farawa zuwa gamawa, aikin da in kowa yana kujerarsa wuni ɗaya ya isa.

Abinda yake ɗan sosa min rai game da takardar nan, ba laifin ma'aikatan bane. Maƙwabcin shagona tela ne, a garin nan aka haife shi, babansa ma nan aka haife shi, kakansa ne yazo daga wata jiha, yana biyan duk kuɗin da nake biya, amma da ɗansa ya nemi irin takardar sai aka ce ya koma garin kakansa da ko hanyar bai sani ba. Tushen abin tsarin raba daidai ne da aka sa a kundin tsarin mulki tun na 1979 ya kuma dawo a na 1999, wai don kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu kasonta a aikin gwamnati da makarantu, niyyar mai kyau ce amma a kan bencin sakatariya ne zaka ga wanda take cizo. Shi dai telan daga baya ya bi ta wata hanya, ban tambaye shi ba.

Takardar haihuwa kuwa ba dogon labari. Teburin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, ma'aikacin tarayya ne ba na ƙaramar hukuma ba duk da a harabar yake zama, na kai katin asibiti ya rubuta ya bani a ranar, kyauta. Iyaye ku daina bari sai yaro zai shiga sakandare ko zai yi jarabawa sannan a fara gudun zuwa kotu rantsuwar shekaru.

To yanzu ga inda taurarin suka zube. Sashe ɗaya ne a ƙaramar hukumar nan da baya makara, baya zuwa taro, NEPA bata hana shi aiki: masu karɓar kuɗin shiga. Ranar kasuwa tun kafin mai koko ta sauke tukunya suna nan da ƴan rasit ɗinsu, mai tebur ya biya, mai tallan tumatir a ƙasa ta biya, mai baro ya biya, ni kuma ga kuɗin shago na shekara ga na allon da na kafa a ƙofa. Ban ce kar a karɓa ba, doka ta basu. Jadawali na huɗu na kundin 1999 shi ya lissafa aikin ƙaramar hukuma, kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabarta da banɗakin jama'a da sa wa tituna suna da lambar gidaje, da lasisin keke da amalanke, har da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Amma a cikin wannan jerin dai, ba wani daban ba, akwai kwashe shara da gyaran magudanar ruwa. Shafi ɗaya ne, sun karanta rabin da ake karɓa sun ninke sauran. Kuma wani abu, rasit ɗin wani lokaci kala biyu ne a rana ɗaya, in ka tambaya ace wannan na kasuwa ne wancan na tsafta. Na tsafta fa!

Bolar tana bayan rumfunan ƴan kifi. Da juji ne ɗan ƙarami, yanzu ta zama tsauni, leda da ɓawon rake da ruɓaɓɓen tumatir da gashin kaji, yara masu baro suna karɓar kuɗi gida gida su zo su juye a nan don babu wani wurin da aka nuna musu. Da ruwan farko ya sauka sai rabinta ta gangara cikin lambatu ta cushe bakin kwalbati, ruwan ya rasa hanya ya biyo titi ya shigo mana, ni katan 3 na taliya da buhun sukari na rasa, mai shagon siminti kusa da ni bana ma son tuna fuskarsa a safiyar. Sauro kuma ba'a magana, in magariba tayi sai ka ga kowa a layin yana tafi kamar ana biki.

Mun rubuta takarda mu ƴan layin, sarkin kasuwa ya sa hannu, na kai da kaina. Sashen lafiya suka ce su duba-gari ne, nasu dubawa da rubuta rahoto, ɗauka kuma ta sashen ayyuka ce. Sashen ayyuka suka ce tifa ta lalace, har wani ya zagaya dani baya ya nuna min ita a kan duwatsu ciyawa ta fito ta ƙarƙashi, yace yallaɓai ka gani da idonka, mun rubuta sama tun bara. Na yarda dashi, mutumin bai yi kama da maƙaryaci ba, kunya ma naga yana ji. Babana yana yawan bamu labarin duba-gari na zamanin En'e, wai in aka ce gashi nan mata har randa suke juyewa don kar ya leƙa ya ga tsutsa, a ci tarar maigida. Na yanzu da farar rigarsu sun zo sau ɗaya bayan takardarmu, suka zagaya bolar da hanci a toshe, suka gargaɗi mai shayi a kan rashin rufe bokiti suka tafi. Tsaftar ƙarshen wata da muka gada tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon ita ma ana yi, a fito a yashe kwata a tara a bakin titi, babu motar ɗauka, ruwa ya sake mayar da ita inda aka ciro.

In ka matsa musu amsar ɗaya ce, babu kuɗi, komai yana sama. Akwai gaskiya a ciki. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.6 cikin 100 suke samu daga asusun tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, a cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na masarauta da sauransu, abinda ya sauko sai ciyaman ya faɗa maka. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna bashi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, ranar har shayi aka sha kyauta a layinmu. Ni dai daga ƙofar shagona ban ga bambanci ba tukuna. Amma duk da haka ban karɓi uzurin gaba ɗaya ba, don kuɗin da ake tara wa a kasuwar nan duk mako baya bi ta Abuja baya bi ta gidan gwamnati, daga aljihunmu yake zuwa jakarsu, ko na ranar kasuwa biyu aka ware zai yi hayar tifa da lebura.

Kansilan mazaɓarmu yaron kirki ne, tare muka yi firamare, yana ɗaga waya kuma yana zuwa jana'iza, amma ko ofis na kirki bashi da shi, da na kai masa maganar cewa yayi abokina ni kaina alawus nake bi. Abinda zan yaba kuma, ma'aikatan rigakafi suna shiga lungu lungu da ƴar kularsu ko rana ta kai yaya, kuma an zagaye maƙabarta da katanga, wannan kam an yi.

Wanda zai je neman takarda, ya fara daga mai unguwa, ya tafi Talata ko Laraba wajen 10, ya riƙe tsabar kuɗi don ba POS a ciki, ya karɓi rasit, ya duba harafin sunansa ɗaya bayan ɗaya kafin a buga hatimi, kuma kar ya biye wa samarin bakin ƙofa masu cewa kawo in shigar maka. In ya ga tsoho a kan benci ya gaishe shi da kyau.

Bolar kuma a ƙarshe mu muka yi karo-karo, shago shago, muka ɗauko tifar haya tayi sawu 4 ranar Asabar, ta rage kamar rabi, aka buɗe bakin kwalbatin. Ranar kasuwa da ta biyo yaron rasit yazo da sassafe kamar kullum, ya leƙa bayan rumfunan yace kai Alhaji wurin nan yayi kyau fa, sannan ya yago min na tsafta.