Madoshin fitar da fil: na ƙarfe ɗaya ko mai bakin da ake sauyawa?

Malam, ka ce madoshinka na milimita 3 ya lanƙwashe har sau biyu wajen fitar da fil, wato ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe giya a mazauninta, daga giyar injin niƙa, kuma kana tambaya ko ka sake ƙera na ƙarfe ɗaya da ƙarfe mafi kyau, ko kuwa ka yi mai gangar jiki daban da baki daban. A ganina, tsawon bakin ne ya cuce ka fiye da ingancin ƙarfen. Siririn ƙarfe idan aka ninka tsawonsa, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, alhali idan kaurinsa aka ninka, daga milimita 3 zuwa 6, ƙarfin yakan ƙaru sau 16.

Na ƙarfe ɗaya yana da fa'idar da ba a raina ta: bugun guduma yana sauka kai tsaye a kan fil, babu mahaɗar da za ta sha ƙarfin bugun. Wahalarsa tana wajen wuta, domin ana so baki ya yi tauri, kan da guduma ke bugu kuma ya kasance da ɗan laushi don kada ya fashe. Bakin kaɗai ake gasawa har ya yi ja a tsoma shi a mai, sannan a goge shi a sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya wuce ruwan ƙasa ya doshi shunayya. Wanda ya tsallake wannan ɗumamawa ta biyu, bakin zai karye masa kamar gilashi. Idan kuwa ya karye, aikin gaba ɗaya ya tafi.

Mai bakin sauyawa kuwa, gangar jikinsa ƙarfe ne mai kauri da aka huda rami a tsakiyarsa, a zura baki a ɗaure shi da ƙaramin sukuru ta gefe. Dole gindin bakin ya zauna daram a ƙasan ramin, domin aikin sukurun riƙewa ne kawai, kuma na taɓa ganin wanda aka bar masa rata, bugu uku sukurun ya cinye. Abin da ya sa na fi son sa a ƙananan awo shi ne, gangar jiki ɗaya za ta ɗauki gajeren baki da dogo. Da gajeren, wanda bai fito fiye da milimita 10 ba, ake fara motsa fil ɗin da tsatsa ta kama, sai a sa dogon ya ƙarasa tura shi waje da bugu mai sauƙi.

Saboda haka daga milimita 4 zuwa ƙasa ina ba ka shawarar mai sauyawa, daga 5 zuwa sama kuma na ƙarfe ɗaya ya wadatar. Ko wanne ka zaɓa, bakin ya ɗan gaza faɗin ramin da fil ɗin ke ciki don kada ya maƙale, fuskarsa ta zama a shafe. Idan fil ɗin giyar irin mai rami a ciki ne, ka bar ɗan tudu a tsakiyar bakin wanda zai shiga ramin ya hana shi zamewa. Kan madoshin kuma da zarar ya fara bajewa, a wasa shi kafin ɓarɓashinsa ya tashi ya sami ido.