Famfon sola na ban ruwa: rani guda na yi da shi a lambuna, ga abun da na gani

Toh jama'a, tunda na kafa fanel ɗin nan a bakin ruwa duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambaye ni wai da gaske yana ja ko dai ado ne, bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Ni ɗan lambu ne a nan Jos, kabeji da karas da latas nake yi, ruwan da muke ban ruwa da shi kuma na tsohon ramin kuza ne, irin waɗanda aka haƙa tun zamanin Turawa aka bar mana.

Gaskiya ba son gyara duniya ne ya kai ni shagon sola ba, fetur ne ya kore ni. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu, ga injina ɗan inci biyu shan mai yake kamar ba gobe ga baƙin mai ga fulogi ga kabireta da ke toshewa duk sati, sai ka kai kabeji kasuwar Farin Gada dillali ya yanka maka farashi ka dawo ka lissafa ka ga ashe gidan mai ka yi wa noma.

Dubu 850 na kashe, famfon da fanel huɗu da kwantirola (na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa famfon) da tiyo da ƙarfen ɗora su. Raguna biyu na sayar, na kwashi adashe, sauran yayana ya ranta min yana cewa kai dai ba ka jin magana.

Yana ja, wannan babu ƙarya. Daga wajen ƙarfe tara da rabi na safe zuwa la'asar ruwa na zuwa sumul, ba ƙara ba hayaƙi, ranar farko har tsayawa na yi ina jin kukan tsuntsaye a lambuna abun da na manta akwai shi. Amma fa ƙarfinsa bai kai na injin mai ba, fangalin da nake cikawa a minti goma yanzu sai na jira kusan ashirin. Kuma babbar matsalar shine lokacin da yake da ƙarfi, tsakar rana, ba lokacin da latas ke son ruwa ba ne, dole na haƙa ɗan rami a sama na shimfiɗa leda yana tara min, da yamma in saki.

Sai hunturu. Mai shagon ya rantse min hazo ba ya hana shi komai, wallahi ba haka ba ne. A Janairu ƙura kan kwanta a kan gilashin har ka rubuta sunanka da yatsa, ruwan ya koma kamar na buta, kullum da safe sai ƙaramin ɗana ya bi su da tsumma, hannunsa na karkarwa don sanyi. Kwantirola ta ƙone a wata na uku, na koma da ita ya ce min Alhaji garanti bai shafi wannan ba, ni da ko Kano ban cika zuwa ba ranar na zama Alhaji, sai da na sake biya. Ɓarayi kuma ba sai na faɗa ba, duk magariba a baro muke kwaso fanel zuwa gida.

Yaron da ya zo haɗa min, ɗan jami'a ne, yana ɗaure waya yana min wa'azin ɗumamar yanayi, wai Baba kai ma yanzu ka shiga sahun masu ceton duniya. Na ce masa ɗana, ban musa maka zancen zafi ba, muna yara a garin nan wa ya san fanka, yau a Maris sai ka ga mutum ya kwana tsakar gida. Damina ta zama ba ta da alƙawari, ta yi latti ko ta zubo gaba ɗaya, ban manta ruwan 2012 da ya ci mutane a unguwannin Rikkos da Gangare ba, ga ambaliyar 2022 da ta kashe sama da 600 a ƙasar nan, ga Maiduguri a 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Wanda ya ce barin abun haka ya fi araha bai taɓa tsayawa kan gonar da ruwa ya share ba.

Inda muka rabu da shi shine wa zai biya. Najeriya duka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na duniya ba, Buhari ya je taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ya yi alƙawarin Najeriya za ta daina ƙara wa duniya hayaƙi nan da 2060, manyan ƙasashe tun 2009 suka ce za su ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara don yaƙi da sauyin yanayi, a taron Baku a 2024 suka mayar da shi biliyan 300, toh ni dai raguna na ne suka tafi, ban ga sisin kowa ba. Maƙwabcina da ba shi da rago rabin lambunsa ya bari ya bushe bara, shi wannan a wane lissafi za a saka shi? Yaron ya yi dariya ya ce Baba wannan sai manya.

A lissafina in ba wani abu ya sake ƙonewa ba rani biyu zuwa uku zai mayar min da kuɗina. In lambunka ƙarami ne kuma ruwa na kusa, saya, amma ka sa a rubuta maka garantin kwantirola a takarda kafin ka miƙa kuɗi, ka ƙara fanel ɗaya kan abun da suka ce ya isa. Kuma kar ka sayar da tsohon injinka, ni nawa yana nan a ɗaki, sati biyu da hazo ya rufe gari shi ya ceci karas ɗina.