Baka, baka mai kunama ko bindiga: waɗanne maharba za ka saya wa rundunarka?

A wasan Warhammer: The Old World, wasan yaƙi da ake yi a kan teburi da ƙananan mutum-mutumin sojoji da dayis, wanda kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ya fitar a Janairun 2024, maharba ne suka fi sa sabon ɗan wasa asarar kuɗi. Sai ya sayi kwali biyu, ya haɗa da gam, ya yi musu fenti, ranar wasa kuma ya tarar rabinsu ba su da damar harbi. Dalili kuwa doka ce: sahun gaba kaɗai ke harbi, sai dai in an tsaya a kan tudu, inda sahu na biyu ke samun dama. Don haka tun kafin ka biya kuɗi, san inda za su tsaya da wanda za su harba.

Dogon baka irin na talakawan Bretonnia, ɗaya daga cikin rundunonin wasan, yana kai inci 30, makin ƙarfinsa 3. Falalarsa ita ce ruwan kibau: muddin rukunin bai motsa ba, rabin kowane sahu na baya ma suna harbi. Mutum 20 a sahu biyu na goma-goma za su saki kibiya 15. Amma kada a ɗora musu buri. Maharbi mai makin gwanintar harbi 3 yana samun abin hari da 4 zuwa sama a dayis, in nisa ya wuce rabin zangonsa sai da 5. Kibiya 15 daga nesa kusan biyar ne za su samu, biyu ko uku su yi rauni ga soja mai makin tauri 3, sulke kuma ya ƙara rage su. Ga barde mai cikakken sulke, kusan ɓarnar kibau ce. Aikinsu shi ne korar ƙananan mahaya da 'yan sintiri marasa sulke, kuma a nan suna biyan kuɗinsu.

Baka mai kunama (crossbow), na sojan rundunar Empire ko na rundunar wadanni (Dwarfs), shi ma inci 30 ne, amma ƙarfinsa 4, wato 3 a dayis ta isa ya raunata mai tauri 3. Bindiga ƙarfinta 4 ne ita ma, tana rage sulke da maki ɗaya a kowane harbi, sai dai zangonta inci 24. Wannan inci shidan ba ƙaramin abu ba ne. A teburi mai ƙafa 6 da 4, tazarar da aka saba bari tsakanin rundunoni biyu inci 24 ce, saboda haka in abokin wasa ya ja da baya kaɗan, 'yan bindigarka sun rasa zagayen farko. In ka matsa da su gaba, littafin dokoki na 2024 yana cire wa waɗannan makamai biyu maki 2 don harbi bayan motsi, maimakon 1. Duka biyun ba su da ruwan kibau. Mutum 20 a sahu biyu, a fili, goma ne za su yi aiki.

Ga wanda abokan wasansa ke kawo barade da manyan sulkuna, bindiga ta fi. In ba ka san wa za ka gamu da shi ba, baka mai kunama ya fi kwanciyar rai, don yana fara aiki da wuri.

Ƙwarangwal masu baka na rundunar Tomb Kings daban suke. Gwanintarsu 2 ce, sai da 5 suke samu, amma nisa ko motsi ko mafaka ba sa rage musu komai. Su ne kaɗai a nan za ka tafi da su gaba ba tare da fargaba ba.

Sai batun fili, wanda ba a cika lissafa shi a shago ba. Gindin kowane soja milimita 25 ne, don haka goma a jere suna cin kusan inci 10 na layinka. Rukuni uku irin wannan sun kusa cinye rabin teburi, mayaƙan gaba su rasa hanya, ko su shiga gaban maharban su tare musu gani. Rukuni biyu na goma-goma sun fi ɗaya na ashirin amfani: suna harbin wurare biyu, in ɗaya ya tsorata ya gudu ɗayan na nan. Ajiye su a tudu ko a gefe inda za su harba a karkace, da rukunin mayaƙa kusa, domin in aka kawo musu hari harbi ɗaya suke samu kafin maharan su iso, shi ma galibi da ragin maki 1, daga nan sai gaba da gaba, wadda ba su iya ba.

Kwalin maharban Empire ana haɗa shi da bindiga ko da baka mai kunama. Kafin ka sa gam, gwada duka biyun a wasa biyu ko uku da gindaye marasa soja, ka ga wanne ya dace da teburin da kuke wasa a kai.